Ɗakin da Ke Kallon Shinge

Aikin Ubaida shi ne raba tagogi. Haka take gaya wa kanta idan ta zauna gaban kwamfuta a ofishinsu na Manchester, inda tagar da ke gefenta ba ta kallon komai sai bangon wani gini da ruwan sama ya baƙanta. Kamfanin da take wa aiki yana da masaukan hutu a wurare da dama, amma ba irin otal ɗin da mutum zai biya ya kwana ya tashi ba ne. Mako ake saya. Mutum ya sayi mako guda a shekara ya zama nasa, ɗaki ɗaya masu shi da yawa, kowa da lokacin zuwansa. Wanda ya gaji da wurin da ya saya kuma yana iya musanya makonsa da wani masaukin na kamfanin.

Kowane ɗaki da sunan da aka raɗa wa tagarsa. Akwai mai kallon teku. Akwai mai kallon gefen teku, wanda sai an fita baranda an karkata wuya kafin a hango ɗan shuɗi tsakanin gine-gine biyu. Akwai mai kallon lambu. Na ƙarshe ana ce masa mai kallon harabar masauki, kuma duk wanda ya ɗan jima a ofishin ya san ana nufin wurin ajiye motoci da manyan kwandunan shara. Lokacin da ake koya musu aiki an ce wani ma'aikaci ne yake tsayawa a tsakiyar ɗaki ya dubi taga, abin da idonsa ya fara faɗawa a kai shi ne sunan ɗakin. Ubaida ta daɗe tana tunanin mutumin nan. Dogo ne ko gajere? Ranar da ya je, gari a washe yake ko hadari ya rufe?

Ita dai ba ta taɓa tsayawa a bakin teku ba. 'Yar Kano ce, a Gwammaja ta tashi, kuma ruwa mafi girma da ta sani shi ne na Tiga. Masaukan da take rabawa a taswira ta san su, da kuma ƙorafin baƙi, don duk wanda tagarsa ba ta yi masa ba a teburinta kukansa yake sauka.

Wata ranar Talata tana cin abincin rana a ɗan ɗakin hutawa sai wayarta ta yi ƙara. Mma Rabi'atu ce daga Birmingham.

Shekarar da Ubaida ta zo karatun digiri na biyu ba ta san kowa a ƙasar ba. Wata mata a masallaci ce ta haɗa ta da Mma Rabi'atu, Bahaushiyar Ghana daga zangon Sekondi, da mijinta Baba Mutawakilu, wanda ya yi ritaya daga tuƙin bas. Suka ba ta ɗakin ɗansu Abdul-Shakur da ya yi aure ya tashi. Mma ce ta kai ta ta yi rajista da GP, wato likitan unguwa, ita ta zaɓa mata rigar sanyi ta farko, ita ta zauna a kanta lokacin da mura ta kayar da ita. Har bayan da aiki ya kawo ta Manchester, Ubaida ba ta taɓa fita daga gidan nan na unguwar Small Heath ba sai da roba cike da wake da shinkafa a jakarta, da baƙin yajin nan mai mai da suke kira shito.

"Ubaida, kin ci abinci?"

"Shi nake ci, Mma. Ina wuni? Ya Baba?"

"Lafiya lau yake, ga shi nan yana jin labarai. Ke, saurara. Kin tuna makon nan namu na kamfaninku? Wanda Alhaji ya saya can cikin daji, wajen masu buga golf?"

"Na tuna, Mma."

"To bana ba mu zuwa. Mun gaji da kallon tsofaffi suna bin ƙwallo. Abdul-Shakur ya yi mana exchange, ya musanya makon zuwa Wales, bakin ruwa, watan August. Na ji an ce ɗakunan kala-kala ne. Ni sea view nake so, mai kallon teku. Can sama, inda Alhaji zai yaye labule ya ga ruwa har inda ya ƙare. Tunda Allah ya sa 'yarmu tana ciki, ai magana ta ƙare."

Ubaida ta san amsar tun kafin Mma ta rufe baki. Amma a gidan da ta tashi yaro ba ya ce wa babba a'a da baki buɗe, balle babban da ya yi jinyarsa. Ta ji harshenta ya riga ta.

"To, Mma. Bari in duba."

"Allah ya yi miki albarka. Na san ba za ki ba ni kunya ba."

Da ta koma teburinta, Nanret da ke zaune kusa da ita ta cire abin sauraro daga kunne ta ƙare mata kallo. 'Yar Filato ce, ta girmi Ubaida a aikin, kuma su biyu kaɗai suke jin Hausa a ofishin.

"Hajiya, lafiya? Fuskarki kamar an ce visa ɗinki ta ƙare."

Ubaida ta gaya mata.

"Exchange ne? A August? Sea view?" Nanret ta kama baki. "Ke kuma kika ce me?"

"Na ce bari in duba."

"Kai, ku Kanawa! Duba me? Abin da kika sani tun jiya? Yanzu tsohuwa tana can tana gugar kayan tafiya."

Dukansu sun san yadda layin yake. Waɗanda suka sayi makonsu a masaukin kansa, kuma suka sayi tagar teku, su ne a gaba, ba a taɓa ɗakinsu. Daga su sai tsofaffin membobi masu tarin maki. 'Yan musanya su ne a ƙarshen layi, abin da ya rage shi ake ba su, kuma a watan Agusta abin da yake ragewa harabar motoci ne. Akwai layin jira, idan wani ya fasa zuwa, amma Nanret ta ce tunda take aikin ba ta taɓa ganin mai tagar teku ya fasa a bazara ba sai in mutuwa ya yi.

Duk da haka, da yamma, Ubaida ta buɗe taswirar masaukin ta tsaya tana kallon benen ƙarshe. Hannunta yana iya yi. Ta ja suna ɗaya ƙasa, ta ja ɗaya sama, shi ke nan. Za a gane daga baya, wataƙila, wataƙila kuma a ɗauka kuskure ne. Ta duba sunan da ke ɗakin tsakiya sai ta tuna da muryar. Wata tsohuwa ce daga Stockport da ta kira a farkon shekara don ta tabbatar ɗakinta yana nan. Ta riƙe Ubaida a waya tana ba ta labarin mijinta da ya rasu, yadda yake zama a barandar nan da tabarau yana ƙirga jirage. Ubaida ba ta iya katse ta ba, kamar yadda ba ta iya katse Mma ba.

Ta rufe taswirar.

Kafin mako ya ƙare wata baƙuwar lamba ta kira ta. Wata Hajiya ce daga Balsall Heath, ta ce a wurin suna ta ji Mma Rabi'atu tana faɗa cewa 'yarta ce mai raba ɗakuna a kamfanin, har ta sama musu na can sama. Su ma suna da mako a Spain, shekara uku ana ba su ɗaki mai kallon bayan kicin. Ubaida ta tsaya a bakin titi, motoci suna wucewa. Wannan karon ta ce ba ita take kula da Spain ba, kuma gaskiya ne. Da ta ajiye wayar ta sayi tikitin jirgin ƙasa na ranar Asabar. Maganar ba ta waya ba ce.

Daga tashar jirgin New Street ta hau bas zuwa Small Heath. Coventry Road tana nan yadda ta bar ta, ƙamshin gasasshen nama da turaren shagunan Larabawa, mata da keken jarirai suna ratsa tsakanin akwatunan kayan miya. Tun a bas take jera kalmomin da za ta faɗa, suna rushewa, tana sake jerawa.

Baba Mutawakilu yana falo a kujerarsa ta kusa da taga, da hula da jarida a cinya. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"A'a, mutanen Manchester! Kun ci mu a ƙwallo kuma kun zo cin abincinmu?"

Ya yi maganar yana murmushi, amma fuskarsa tana kallon ɗan gefen inda take, wajen ƙofa. Ubaida ba mai yawan magana ba ce, don haka ido yake mata aiki. Ta lura jaridar ta tsohon mako ce, kuma a shafi ɗaya take. Ta lura an janye ƙaramin teburin da yake tsakiyar falo an manna shi da bango. Da Mma ta kawo shayi, a hannunsa ta sa kofin, sai da ta ji yatsunsa sun kama sannan ta saki. Ba wanda ya ce komai a kai.

Ta bi Mma kicin. Tukunya tana tafasa, tagar ta yi gumi.

"Na sai wa Alhaji sabuwar jallabiya," in ji Mma tana yanka albasa. "Fara. Ita zai sa a barandar, Abdul-Shakur ya ce in ɗauko hoto. Wane floor kika sa mu?"

Ubaida ta dubi tayil ɗin ƙasa.

"Mma, ban samu ba."

Wuƙar ta tsaya.

"Ba ki samu ba, ko ba ki gama dubawa ba?"

"Ba zai samu ba, Mma. Ɗakunan sama duk da masu su. 'Yan exchange a ƙarshe ake sa su. Sai dai in cire wata in sa ku, kuma ba zan iya ba."

"Amma kin ce mini to."

"Na ce, Mma. Nauyinki na ji."

"Nauyina." Mma ta ajiye wuƙar ta goge hannu a zaninta a hankali. "Da kin ce mini a'a ranar, da na yi fushi na kwana ɗaya na huce. Yanzu duk matan Small Heath sun ji. Har na ce wa Hajiya ta Balsall Heath ta kira ki."

"Ta kira."

"Ni ba kunyar mata ce ta dame ni ba, Ubaida. Ba ki san komai ba."

Daga falo muryar Baba ta taso. "Rabi, bar yarinyar ta zo ta taya ni hira. Abincin ba zai gudu ba."

Ubaida ta koma ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, kamar yadda ta saba lokacin da take gidan. Ya ji komai, gidan ba shi da girman da magana za ta ɓuya.

"Kada ki damu da Mmanki," ya ce. "Tun ranar da na auro ta take son a ba ni abin da ya fi na kowa. Ke kin taɓa zuwa wurin?"

"A'a, Baba. A kwamfuta kawai nake gani. Ban ma taɓa zuwa bakin teku ba."

"Subhanallahi. Mai rabon ruwa ba ta san ruwa ba!" Ya yi dariya har hularsa ta zame, ya laluba ya gyara. "Mu a zango, a Sekondi, ɗakinmu ba shi da taga ta wajen ruwa. Bangon maƙwabci muke kallo, da akuyarsa. Amma da asuba, kafin ladan ya kira, gari ya yi tsit, sai ki ji shi. Kamar wani ƙato yana barci a bayan gari yana numfashi. Sai iska ta kawo warin gishiri da hayaƙin kifin da matan Fante suke bandawa. Tunda na zo ƙasar nan injin bas nake ji. Yanzu na ajiye bas, bas ɗin wasu nake ji ta taga."

Ya rage murya, ko da yake ya san matarsa tana tsaye a bakin ƙofa.

"Kin lura da idon, ko? Ke ba abin da yake wuce ki. Suga ne ya ci shi."

"Allah ya ba da sauƙi, Baba."

"Amin."

Ubaida ta daɗe tana juya wani abu a ranta kafin ta yi ƙarfin halin faɗa. Ba ta da tabbas, don ba ta taɓa ganin wurin ba. Ta ce akwai wani ɗaki a ƙasa, a ƙarshen ginin, wanda aka sa wa suna mai kallon lambu, saboda wani dogon shinge da aka dasa a gabansa don tare iska. Ba a ganin ruwa ko kaɗan. Amma ɗakin ya fi kowane kawo ƙorafi teburinta. Baƙi suna cewa ƙarar igiyar ruwa tana hana su barci, tsuntsaye suna tashinsu tun duku-duku, gishiri yana dusashe gilashin. A taswira, bayan shingen sai 'yar hanya sai yashi. Tagogin benen sama kuma, saboda tsaro, tafin hannu kawai suke buɗewa. Na ƙasa suna buɗewa gaba ɗaya.

"Ɗakunan ƙasa ana ajiye su ne don masu lalura," ta ce, idonta a kan kafet. "Wanda ya nema da wannan dalilin shi ne a gaba, ko ɗan exchange ne. Ba alfarma ba ce, haƙƙi ne. Amma sai an rubuta lalurar. Kuma idan aka karɓa, an fita daga layin jiran na sama."

"A rubuta me?" Mma ta shigo falon. "A rubuta Alhaji makaho? A kwamfuta, duk wanda ya buɗe ya gani?"

"Mma, ma'aikata ne kawai…"

"Ko 'ya'yansa ba su san iyakar abin ba. Mu ba mu saba baza ciwonmu a waje ba. Mutum ya yi shekaru yana tuƙa mutanen garin nan, bai taɓa goga wa kowa mota ba, yanzu a riƙa riƙe masa hannu ana yi masa magana da ƙarfi kamar kurma? Kuma shinge? In ɗauke shi daga bangon Small Heath in kai shi gaban shinge?" Ta juya wajen Ubaida sosai. "Likita ya ce ɗan abin da ya rage ma tafiya yake. Shi ya sa na ce bana. Ina so kafin ya tafi ya ga abu mai faɗi, ko sau ɗaya. A bar mu a layin jiran. Allah yana iya sa wani ya fasa."

"Rabi," in ji Baba.

"Na'am."

"Zo ki tsaya nan, gaban taga."

Ta zo ta tsaya, hannunta a ƙugu.

"Wane launi ne ɗankwalinki?"

"Kai ka gaya mini. Kai ka saya."

"Ban sani ba. Inuwa nake gani a tsaye, haske a bayanta. Tun azumi haka yake. Ko kin kai ni saman benen, fari zan gani, ruwa fari, sama fari. In tsaya da sabuwar jallabiya in ce miki ya yi kyau, don kada ranki ya ɓaci."

Mma ba ta motsa ba. Ubaida ta so ƙasa ta tsage ta shige. Wannan magana ce ta miji da mata, da ya kamata a yi ta ba kowa, kuma ita ce ta jawo aka yi ta a gabanta. Tana jin tukunya tana tafasa a kicin, murfin yana kaɗawa.

"Tun azumi," in ji Mma a hankali. "Kana ce mini kana ganin agogo."

"Rediyo yake gaya mini lokaci." Ya juya fuskarsa wajen da yake zaton Ubaida take. "'Yata, rubuta. Bature ya riga ya karɓe mini lasisi, me ya rage da zan ɓoye masa? Ki sa mu a ɗakin da ake ƙorafi."

Mma ta fita ta koma kicin. Aka ci abinci, aka yi la'asar. Da Ubaida ta tashi tafiya ta leƙa kicin ta yi sallama, Mma ta amsa tana wanke-wanke, ba ta juyo ba. "Allah ya kiyaye hanya," ta ce. Sai da Ubaida ta zauna a bas ta ɗora jakarta a cinya sannan ta ji rashin nauyinta. Babu roba.

Ranar Litinin ta shigar da buƙatar, shugabar sashensu ta amince ba tare da tambaya ba. Sunan Baba ya fita daga layin jira ya sauka a ɗakin ƙarshe na ƙasa. Nanret ta leƙo ta karanta.

"Wannan ɗakin? Na masu kuka? Ke da kanki kika jefa iyayenki a ciki?"

"Baba ne ya zaɓa."

"Mama fa?"

Ubaida ta mai da ido kan kwamfuta, Nanret kuma ta tura mata rabin biskit ɗinta ba ta ƙara tambaya ba.

Makonni suka wuce. Duk Juma'a Ubaida tana aika gaisuwa, Mma tana amsawa da amin, ba ƙari. Ba ta ƙara kira ta tambayi ko ta ci abinci ba. Wani lokaci Ubaida takan buɗe taswirar ta dubi ɗan layin kore da yake nuna shingen, tana tambayar kanta ko ta yi daidai. Ƙorafi kawai ta sani. Idan baƙin sun yi ƙari fa? Idan a bazara ruwan kwanciya yake yi ya yi shiru, tsohon ya zauna mako guda yana sauraron injin wankin masauki? A tsakiyar Yuli wani mai ɗakin gefen teku ya fasa zuwa, ɗakin ya faɗa hannun wanda yake bin Baba a layi. Ba ta gaya wa kowa ba, amma ranar ba ta iya cin abincin rana ba.

Ranar da ta san sun kwana biyu a Wales, tana ɗakin hutawa, wayarta ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Ta gyara mayafinta ta ɗauka.

Fuskar Mma ta cika wayar, da rigar sanyi a kan atamfarta.

"Ga sea view ɗinki," ta ce, ta juya wayar.

Shinge ne, kore shar, ya fi mutum tsayi, ganyensa yana rawa. Ba sama sosai, ba ruwa.

"Kin gani? Ganye. Na baro Birmingham na zo kallon ganye. Gilashin duk gishiri, na goge ya dawo. Tsuntsayen nan marasa kunya sun sace mini burodi a hannu. Ga sanyi a August, kuma mutumin nan ya hana a rufe taga. Jiya da asuba ya tashe ni, na ɗauka jikin ne, wai in yi shiru in ji. Ni yake ce wa in yi shiru!"

Wayar ta karkata, Ubaida ta hango Baba. Yana zaune a kujera dab da tagar da aka wangale, cikin farar jallabiyar, hularsa a gwiwa, idanunsa a rufe. Iska tana kaɗa wuyan rigar. Bai ma san ana ɗaukarsa ba.

"Ya jikin nasa, Mma?"

"Yana cin abinci kamar saurayi. Akwai wata 'yar kafa a ƙarshen shingen, na gano ta jiya. Idan na kama hannunsa muka bi, sai ga mu a yashi. Ni nake gaya masa abin da ke wurin. Na ce ga jirgi, ya ce wane iri, na ce ina na sani, jirgi dai. Ya ce ban iya ba da labari ba." Ta ja hanci, ta gyara ɗankwali. "Na gaya wa Abdul-Shakur da ƙannensa. Jibi za su zo."

Ubaida ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin. Ke kin ci abinci?"

"Yanzu zan ci, Mma."

"Kin rame, ina gani. Asabar ɗin da muka dawo ki zo. Ki taho mini da robobina da suka taru a wurinki, ba ni da abin da zan zuba miki. Kuma nan gaba idan abu ba zai yiwu ba ki buɗe baki ki ce mini ba zai yiwu ba. Ba cinye ki zan yi ba."

"To, Mma."

"Wannan to ɗin wane iri ne?"

"Na gaske ne."

Daga gefe Baba ya yi magana ba tare da ya buɗe ido ba. "Rabi, Ubaida ce? Ajiye mata wayar a taga. Yarinyar ba ta taɓa ji ba."

Hoton ya girgiza, ya tsaya a kan ganye da ɗan gefen labule. Mma ta yi shiru. Da farko Ubaida ba ta ji komai ba sai iska tana bugun wayar. Sai ta ji wani abu a ƙarƙashin iskar, mai nauyi, yana tahowa daga nesa, ya zube, ya ja da baya a hankali, ya sake tahowa. Ta matsa wayar kusa da kunnenta har ta daina ganin hoton.

Nanret ta turo ƙofa ta leƙo. "Hajiya, break ya ƙare fa, layi ya cika."

Ubaida ta ɗaga mata hannu alamar ta ɗan jira.